Ƙafa Shida Ba Tuntuɓe: Yadda Ƙwari Ke Jin Takunsu

Duk wanda ya taɓa bin kyankyaso da silifa a hannu ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Kafin hannu ya sauko ya bar wurin, ya haye bango, ya kutsa ƙarƙashin buhun masara ya ɓace. A irin wannan gudu kowace ƙafarsa tana tashi ta sauka fiye da sau 20 a sakan ɗaya, a ƙasa mai gargada, galibi cikin duhu, amma ba za ka ga wata ta harɗe da 'yar'uwarta ba. A 1991 masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Robert Full da Michael Tu, sun auna gudun jan kyankyason nan babba da ke fitowa daga masai. Sun tarar yana cin mita ɗaya da rabi a sakan, wato ninkin tsawon jikinsa sau 50.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma duk shekara idan mun zo darasin ƙwari nakan tambayi aji: wa ke tsara wa ƙafafun nan shida lokacin tashi da na sauka? Kusan baki ɗaya sukan ce ƙwaƙwalwa. Amsar tana da ɗan gaskiya, amma babban aikin a ƙafafun kansu ake yin sa. Kowace ƙafa tana jin inda take, tana jin nauyin da ta ɗauka, tana kuma sanar da maƙwabtanta. Daga wannan ji ne tafiya ke haɗuwa.

Uku a ƙasa, uku a sama

Ƙafar ƙwaro tana da sassa biyar: gindinta da ke manne da ƙirji, wata 'yar guntuwar gaɓa, cinya, ƙwauri, sai tafi mai ƙananan farata. Manyan mahaɗai uku ne ke tafiyar da kowace ƙafa, ke nan mahaɗai 18 ake sarrafawa lokaci guda.

Idan ƙwaro yana sauri, ƙafafunsa kan kasu gida biyu. Ta gaba da ta baya na ɓangaren dama, tare da ta tsakiya ta hagu, suna taka ƙasa tare, sauran ukun na sama suna miƙawa gaba. Sai a yi musaya. Matan gida sun san abin da ya sa murhu yake da duwatsu uku: tukunya ba ta rawa a kan uku ko da ƙasar ba ta daidaita ba. Haka jikin ƙwaro yake zaune daram a kowane taku. In kuwa yana tafiyar hankali, sai ya riƙa ɗaga ɗaya ko biyu kawai, daga ta baya zuwa ta tsakiya zuwa ta gaba.

A cikin ƙirjinsa akwai curin jijiyoyi uku, kowanne yana kula da ƙafa biyu. Ƙwaƙwalwa ita ke cewa a tafi, a tsaya, a karkata dama ko hagu, amma ba ta bin kowace gwiwa da umarni. Shi ya sa kyankyason da ya rasa kansa kan yi kwanaki tsaye bisa ƙafafunsa, in ka taɓa shi ma ya motsa.

Waɗannan curin jijiyoyi suna iya fitar da kari na miƙe da lanƙwashe da kansu. A 1995 Ansgar Büschges da abokan aikinsa a Jamus sun gwada haka da ƙwaron tsinke, wato dogon siririn ƙwaron nan mai kama da busasshen kara. Sun yanke duk jijiyoyin da ke kawo saƙon ji daga ƙafafu, suka zuba wa curin wani sinadari mai zaburar da shi. Jijiyoyin kowace mahaɗa suka kama aiki bi da bi, amma kowace da nata karin, ba mai jiran wata. Abin da ke haɗa su su zama taku guda shi ne saƙon da aka yanke.

Me ƙafa ke ji?

Mu ma muna da wannan ji, sai dai ba mu lura da shi sai ranar da ƙafa ta sage bayan dogon zama, mutum ya miƙe ya rasa inda yake takawa. A jikin ƙwaro manyan kafofi uku ne ke wannan aiki.

Ta farko ma'aunin gwiwa ce, wadda masana ke kira kodotonal. A cikin cinya akwai tarin ƙwayoyin jijiya da wani siririn zare ya haɗa da ƙwauri. Gwiwa na lanƙwashewa zaren ya ja, tana miƙewa ya saki. Daga nan ƙwayoyin ke gane yawan lanƙwasar, da saurinta, da inda ta nufa. A cinyar ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro akwai irin waɗannan ƙwayoyi kimanin 150. A 2018 ɗakin binciken John Tuthill na Jami'ar Washington da ke Seattle ya nuna sun raba aiki a tsakaninsu: wasu matsayin gwiwa suke ji, wasu motsinta, wasu kuma girgiza.

Ta biyu gashin gaɓa ne. A bakin mahaɗai akwai jerin gajerun gasusuwa masu tauri, kowanne da jijiyarsa a gindi. Idan mahaɗa ta naɗe, fatar wurin takan kwantar da su layi bayan layi, har ƙwaro ya san ƙafa ta kai iyakarta. A 1976 Wong da Keir Pearson na Jami'ar Alberta a Kanada sun aske wa kyankyaso wannan gashi a ƙafa ɗaya. Da ya tashi tafiya, sai ƙafar ta riƙa zarce wurin saukarta tana karo da ta gabanta. Tsokarta lafiya lau, abin da ta rasa shi ne mai gaya mata ta isa haka.

Ta uku, wadda ta fi burge ni, ma'aunin nauyi ce, kamfanifom a bakin masana. Ƙashin ƙwaro a waje yake, shi ne ɓawon da ya rufe jikinsa. Idan ƙafa ta ɗauki nauyi, ɓawon yakan ɗan tanƙwaru, tanƙwarar da ido ba ya gani. A cikin ɓawon akwai ƙananan ramuka masu ɗan tsawo, kowanne da murfi, ƙarƙashin murfin kuma bakin jijiya. Ɓawo na matsuwa ramin ya tsuke, murfin ya motsa, jijiya ta aika saƙo. Da yake ramukan sun fuskanci kusurwoyi daban-daban, ƙwaro yana sanin yawan nauyin da kuma ɓangaren da ya fito. John Pringle ne ya bayyana aikinsu a 1938 a Jami'ar Kambirij, yana saurayi bai kai shekara 30 ba, kuma da ƙafar kyankyaso ya yi binciken.

Ban da waɗannan, a ƙasan gwiwa akwai wata kafa mai jin girgizar ƙasa, ita ke sanar da kyankyaso takun mai zuwa. Gyare kuwa kunnuwansa ma a ƙwaurin ƙafafun gaba suke. Ƙuda da malam-buɗe-littafi suna ɗanɗano da tafin ƙafa: ƙuda na taka ruwan sukari bakinsa zai miƙo. Yawon da yake yi a kan tuwo ɗanɗanawa yake, da ƙafafun da ya taka juji da su, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin rufe abinci.

Fara a hannu

Lokacin kaka, idan sanyin asuba ya sa fara ta kasa tashi, nakan sa yara su kamo mana 'yan kaɗan a gefen gonar makaranta. Sai in riƙe ɗaya ta ƙirji tsakanin babban yatsa da manuni, in bar ƙafar baya a sake. Da tsinken tsintsiya nakan tura ƙwaurinta a hankali kamar zan miƙar da shi. Nan take za ka ji tana ja, tana neman mayar da shi inda yake. In na tura shi ciki, sai ta turo waje. Ba ta kallon ƙafar ma. Ma'aunin gwiwa ne ya ji an motsa ta ba da izininta ba, ya sa tsoka ta yi gardama. Da wannan ne ƙwaro ke tsayawa a kan kara ko iska na kaɗa shi.

Daga nan sai in ɗan taɓa mata ciki. Kafin ta yi harbi, takan naɗe ƙwaurin ya manne da cinya tsaf, ta yi shiru kamar rabin sakan, sannan ta sake shi da ƙarfin da ƙayoyin ƙwaurin kan huda fata. A cikin wannan shirun tsokar miƙewa da ta lanƙwasa suna ja tare, ƙarfin yana taruwa a ɓawon gwiwa. William Heitler da Malcolm Burrows sun bayyana wannan tsari a 1977, kuma da shi fara ke tsalle. In ka sa tsinke tsakanin cinya da ƙwauri ka hana su haɗewa, harbin ba ya zuwa da ƙarfinsa, domin sai ƙafa ta ji ta naɗe sarai ake fara tara ƙarfin.

Wata shekara wata ɗaliba da ke leƙe ta gilashin ƙara girma ta ɗago kai ta ce, "Malam, to in ma'aunin ya yi mata ƙarya fa?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin ita ce Ulrich Bässler, wani masani Bajamushe da ya ƙarar da rayuwarsa kan ƙwaron tsinke, ya amsa da aikin tiyata. Ya ciro zaren ma'aunin gwiwa ya ɗaura shi a ɗaya ɓangaren mahaɗar, ta yadda in gwiwa ta miƙe saƙo zai ce ta lanƙwashe. Da ƙwaron ya kama tafiya, sai ƙafar ta miƙe sama ta tsaya a sandare, sauran biyar suna ta aiki. Tana jiran a ce mata ta miƙe ta isa, saƙon kuwa yana cewa ba ta ma fara ba.

Ba a ɗagawa sai an karɓa

Ta yaya ƙafa shida ke sanin lokacin juna? Holk Cruse na Jami'ar Bielefeld ya shafe shekaru yana kallon ƙwaron tsinke yana tafiya, ya fitar da 'yan ƙa'idoji da ke aiki tsakanin ƙafa da maƙwabciyarta. Muddin ta baya tana sama, ta gabanta ba za ta ɗaga ba. Ta baya na sauka, ta gaban ta sami damar tashi. Kuma ta baya takan nufi daidai inda ta gabanta ke tsaye, domin wurin da ya riƙe ɗaya zai riƙe ɗaya. A kan siririn reshe wannan ƙa'ida ita ce tsakanin tafiya da faɗuwa.

A 2017 Chris Dallmann da abokan aikinsa, su ma a Bielefeld, sun auna nauyin da kowace ƙafa ke ɗauka taku bayan taku. Sun ga cewa da zarar ta baya ta taka ƙasa ta karɓi kaso na nauyin jiki, nauyin da ke kan ta tsakiya yakan ragu, ma'aunan nauyinta su ji sassaucin, tsokarta ta sauya daga turi zuwa ɗagawa. Muddin ƙafa tana jin kaya a kanta ba ta saki. Sai wata ta karɓa.

Amfanin wannan tsari yakan bayyana ranar asara. Ƙadangare ya fizge wa ƙwaro ƙafa, ba ya zama koyon sabuwar tafiya. Nauyi ya koma kan sauran, lokutan tashi da sauka su gyaru nan take. Wanda ya rasa na tsakiya duka biyu yakan koma ɗaga ta gaban dama tare da ta bayan hagu, irin tafiyar dabba mai ƙafa huɗu.

Haka kuma a wuri mai ramuka. A 1984 Pearson da Franklin sun lura da fara tana bin hanya mai gargada. In ƙafa ta miƙa ba ta sami ƙasa ba, takan yi ta lalube a iska har ta dafa wani abu. In ta yi karo da tudu, ta ja baya, ta ƙara ɗagawa sama, ta sake gwadawa. Ido ma yana taimakawa: a 2010 Jeremy Niven a Kambirij ya sa fara ta bi wani ɗan tsani a kwance, ya nuna da ido take auna inda za ta ɗora ƙafafun gaba.

Idan gudu ya yi gudu

Ji yana da iyakarsa. Saƙo na buƙatar lokaci ya je curin jijiya ya dawo, kyankyaso mai gudun tsira kuwa ɗan lokaci kaɗan yake da shi a kowane taku. A 2002 Devin Jindrich da Robert Full sun ɗaura wa kyankyaso ɗan bututu mai albarushi a baya, suka tayar da shi yana cikin gudu don ya hankaɗa shi gefe. Ya fara daidaituwa kafin ya kammala taku ɗaya, da saurin da saƙon jijiya da ƙyar zai kai shi. Ɓawon ƙafa da tsokarta ne suka shanye bugun. Wato mai tafiyar hankali a kan reshe ya fi dogara da ji, mai gudu a fili ya fi dogara da ƙirar ƙafa.

Abin da ke sa shi gudun ma ji ne. A ƙarshen cikin kyankyaso akwai 'yan ƙahoni biyu, kowanne da siraran gasusuwa sama da 200 masu jin motsin iska. Daga su manyan jijiyoyi suka miƙe kai tsaye zuwa curin ƙafafu. Jeffrey Camhi ya nuna a 1978 cewa iskar da harin kwaɗo ke turowa ta isa ta sa shi juya baya ya zura, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan. Silifa ma iska take turowa kafin ta iso.

Tururuwar da ke ƙirga taku

A hamadar Tunisiya akwai wata tururuwa mai dogayen ƙafafu da ke fita kiwo ita kaɗai da tsakar rana, ta yi ta kewaye-kewaye, in ta sami abinci ta miƙe kai tsaye zuwa raminta. Da hasken sama take gane alƙibla. Nisa fa? A 2006 Matthias Wittlinger da Rüdiger Wehner da Harald Wolf sun saba wa tururuwan zuwa wurin abinci mai nisan mita 10 daga gida. Da suka isa can, aka manna wa wasu gashin alade a ƙafafu suka ƙara tsawo, aka rage wa wasu tsawon ƙafa, aka sake su. Masu dogayen ƙafa suka zarce, sai wajen mita 15 suka fara neman rami. Masu guntaye suka tsaya tun kusan mita 6. Da aka bar su suka yi zuwa da dawowa da sababbin ƙafafun, lissafi ya koma daidai. Ashe takunta take tarawa tun daga bakin rami.

Cinyar fara da hatsinmu

Mai karatu zai iya cewa duk wannan sha'anin masu ɗakin bincike ne. To, ga inda ya shafi rumbu. Farar hamada da ke hayayyafa a yankunan Ayar da Tamesna na arewacin Nijar, a yawancin shekaru ita kaɗai take rayuwa, tana gudun 'yan'uwanta. Idan ruwa ya sauka ciyawa ta yi yawa suka hayayyafa, sannan ciyawar ta fara bushewa, dole su taru a 'yan wuraren da suka rage kore, suna gogar juna. A 2001 Stephen Simpson da abokan aikinsa a Jami'ar Oksfod sun ɗauki ɗan burushin fenti suna shafar sassan jikin fara ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ya fi sauya mata hali shi ne bayan cinyar ƙafar baya, inda gashin ji yake. A 2009 aka gano cewa cikin kimanin awa biyu na wannan shafa, sinadarin serotonin yakan ninka kusan sau uku a curin jijiyoyin ƙirjinta, mai gudun taro ta koma mai neman taro. Daga nan launi ke sauyawa, ɗango ya haɗu, runduna ta tashi. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su manta farar 2004 ba, da yunwar da ta biyo bayanta a 2005 bayan ƙarancin ruwa ya haɗu da ɓarnar. Shi ya sa masu sa ido kan fara ke shiga hamada neman ta tun tana 'yan ƙananan gungu, kafin cinya ta gogi cinya.

Masu haɗa maganin ƙwari ma sun bi ta wannan ƙofa. Akwai wani mai suna pymetrozine da ake fesa wa ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye, irin su darɓa da farin ƙuda. Kafofin kodotonal yake rikitawa, ƙwaron ya kasa daidaita jikinsa, ya daina ci har ya mutu. Da aka gwada shi a kan fara a 2005, sai ta ɗaga ƙafafun baya ta miƙar da su, irin yadda ƙwaron Bässler ya yi.

Injiniyoyi kuma sun kwaikwayi tsarin. A 1989 Rodney Brooks na cibiyar MIT a Amurka ya ƙera butum-butumi mai ƙafa shida da ya sa wa suna Genghis, wanda kowace ƙafarsa ke amsa abin da ta ji ba tare da jiran wata babbar kwamfuta ba. A Bielefeld an ƙera wani mai suna Hector bisa ƙa'idojin Cruse.

Kira ga malamai da iyaye

Abin da ke damuna shi ne, kusan duk binciken da na ambata an yi shi ne a Ingila da Jamus da Amurka da Kanada, wani lokaci da farar da asalinta daga hamadarmu take, ana kiwon ta a keji da wutar lantarki don ta ji ɗumi. Mu kuwa da muke kwana muna tashi da ita, har muna soya ta da yaji, 'ya'yanmu sun fi sanin ta a zanen allo. Yaro zai haddace sunayen sassan ƙafar ƙwaro ya ci jarrabawa, bai taɓa jin ƙwaurin fara yana gardama da tsinke a hannunsa ba.

Ba sai an jira na'ura mai tsada ba. Gilashin ƙara girma, tsinke, da wayar hannu mai ɗaukar bidiyo a hankali sun isa yaro ya ga uku a ƙasa uku a sama da idonsa. A baza lallausan yashi a faranti a saki buzuzu ya bi ta kai, a karanta sawunsa. A sa wa tururuwa tsinke a hanya a ga yadda ƙafar gaba ke laluben sa. In an gama a saki abin da aka kama, halittar Allah ce, ba ta yi laifin komai ba.

Malamai 'yan'uwana, a darasin ƙwari na gaba ku ajiye alli na rabin sa'a ku fita da yara bayan aji. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya durƙusa yana kallon jerin tururuwa, kada ku ce yana ɓata lokaci. Ku tambaye shi ƙafa nawa ke ƙasa a kowane taku, ku bar shi ya nemo amsar da kansa.